Littattafai biyar a kan Adar da Gobir: abin da suka yi da kalmomin mutanen ƙasa

0. Gabatarwa

Wannan ƴar takarda ta samo asali daga wata tambaya da ɗalibanmu na shekara ta uku suka yi mana, bayan mun dawo daga aikin tattara kalmomi a karkarar Bangi, cikin gundumar Madawa. Suka ce: «Malam, in mutum yana son sanin tarihin wannan yanki, da yadda mutanensa suke neman abin sa wa baka, me zai karanta?» A ranar, sunayen littattafai kawai muka lissafa masu. A nan muna so mu ba da dalilan zaɓinmu.

Fanninmu nazarin harshe ne, saboda haka da ma'aunin harshe za mu auna waɗannan littattafai na tarihi da tattalin arziki. Dukkansu biyar an gina su, ko dai gaba ɗaya ko wani sashe, bisa maganar da aka ji daga bakin Hausawa da Abzinawa, aka mayar da ita Faransanci ko Ingilishi. Tambayarmu ke nan: wace kalma marubuci ya ji, me ya yi da ita, me ya zube a hanya? Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa darajar kowane ɗayansu tana fitowa fili a daidai wurin da marubucin ya tsaya ya saurari wata kalma, maimakon ya yi saurin rufe ta da ta Turai.

Batun yana da nauyi a yau. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen da aka ɗora wa wannan kaya yana bukatar abin karantawa wanda ya wuce littafin koyon baƙi da tatsuniya.

Game da wuri, ya kamata mai karatu ya riƙe cewa Bangi tana tsakiya: Adar, wato ƙasar Buza da Keita da Ilela da Tawa, tana arewa maso yamma da ita, kwarin Maraɗi yana gabas, iyakar Najeriya da ƙasar Sabon Birni suna kudu. Don haka ɗan Bangi yana bukatar littattafan Adar da na Maraɗi gaba ɗaya kafin ya ga kansa.

1. Tarihi: sarki da azne

1.1. A shekarar 1975 littattafai biyu suka fito a jerin Études Nigériennes na cibiyar binciken IRSH ta Yamai, a kan ƙasa ɗaya. Na farko shi ne na Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa yanzu, L'Adar précolonial, wato Adar kafin zuwan Nasara. Hamani ya haɗa labarun baka da rubuce-rubucen Larabci na Agadas da Sakkwato, ya tsara zamunna bi da bi. A wurinsa mai karatu zai ga yadda Adar take ƙarƙashin Kabi, har Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ci Kabawa a 1674; yadda Agabba ya yi sarautar Agadas, aka tuɓe shi wajen 1721, ya komo Adar ya kafa gidan sarautar da daga baya ya zauna Ilela; da yadda Abzinawan Lisawan suka shigo tare da wannan gida. Zai kuma ga saukowar Kel Gres daga Ayar a ƙarni na 18 zuwa yankin da Madawa take, da guguwar jihadi a farkon ƙarni na 19, lokacin da Alkalawa ta faɗi a 1808.

Babbar fa'idar littafin ita ce ya fid da Adar daga matsayin gefen tarihin wasu, ya mai da ita ƙasa mai nata zaren labari, tsakanin Ayar da Kabi da Gobir. Wanda bai riƙe wannan zare ba, sauran littattafan huɗu za su rikice masa. Inda muke ganin ya rage shi ne mafi yawan haskensa yana kan masu ganga da tambari. Manomi yana nan cikin littafin, amma sau da yawa ana ganinsa ne lokacin da aka zo karɓar wani abu a hannunsa.

1.2. Na biyu shi ne na Nicole Échard, L'expérience du passé, wanda ƙaramin takensa ya ce tarihin al'ummar manoma Hausawa ta Adar ne. Échard ta daɗe tana aiki a ƙauyukan Adar, har da maƙera masu narka tama, kuma ta shigo ta ƙofar da Hamani bai daɗe a cikinta ba. Abin da ya dame ta shi ne yadda manoma da kansu suke tsara abin da ya wuce: wane dangi ya riga wane sauka, wa ya sari daji, wa ya ƙulla alkawari da iskokin wuri, wa ya zo daga baya aka ba shi gona. A irin wannan labari shekara ba ta da muhimmanci kamar jerin sauka, domin jerin sauka shi ne hujjar mallakar ƙasa da ta riƙon tsafi. Darasin da ɗalibi zai ɗauka a nan babba ne: in dattijo ya ba ka labarin asali, yana gaya maka abin da ya faru, yana kuma gaya maka wa yake da iko da wace fadama. Aibin littafin ga ɗalibanmu shi ne nauyin Faransancinsa da yawan sunayen dangogi, waɗanda sai an yi haƙuri.

1.3. Kalmar da ta haɗa littattafan biyu ita ce azna. Hamani yana rubuta Azna, Échard tana rubuta Asna, Guy Nicolas kuma, wanda ya yi aiki a Maraɗi, yana rubuta Anna. Bakano zai ce arna. Ga mai nazarin harshe wannan ba abin mamaki ba ne. Karin yamma ya riƙe baƙin da karin Kano ya mayar r a ƙarshen gaɓa, kamar yadda ake jin sayas da a yamma, sayar da a Kano. Wani karin kuma ya naɗe baƙin cikin na gabansa, kamar ɓarna da ɓanna. Wanda yake son zurfafa sanin karin Adar sai ya nemi aikin Bernard Caron na 1991, Le haoussa de l'Ader.

Matsalar tana ga ma'ana. Rahotannin kwamandojin Nasara sun saba fassara kalmar da animiste ko païen, wato mai bautar iskoki. Abin da waɗannan littattafai suka nuna shi ne a Adar kalmar tana ɗauke da ma'ana ta biyu: mutanen ƙasa, waɗanda aka tarar, masu noma da farauta da ƙira, a gaban masu sarautar da suka zo daga baya. Rabe-raben da ake yi tsakanin aznan ramu da aznan mahalba magana ce ta asali da sana'a. Mun gwada wannan da kanmu. Da muka tambayi wani dattijo a kusa da Bangi ko akwai azna a garinsu, sai ya ce: «Malam, in masu tsafi kake nufi, sun ƙare; in masu ƙasa kake nufi, ga ka zaune gaban ɗaya.» Mutumin yana riƙe da tazbaha a lokacin. Mai fassarar da ya sa kalmar Faransanci guda a nan ya zubar da rabin tarihin Adar, wanda kuma ya mayar da ita arna cikin daidaitacciyar Hausa ya mai da bayani zagi.

2. Tattalin arziki: biki da arzikin mutane

2.1. Kafin mu shiga littattafan, mu dubi sunan fannin. Arziki aro ne daga Larabci, rizƙ, abin da Allah ya ba bawansa. Tattali kuwa kula ne da abu don kada ya lalace. Ke nan Bahaushe ya sa rabo cikin sunan ilimin tun daga farko, abin da kalmar économie ba ta yi ba. Littattafai biyu na 1986, dukkansu a kan Maraɗi, sun ɗauki wannan da muhimmanci.

2.2. Guy Nicolas, a cikin Don rituel et échange marchand dans une société sahélienne, ya yi nazarin kyauta da ciniki. Ma'aikatan raya karkara sun daɗe suna kukan cewa manomi yana sayar da gyaɗa ya ƙone kuɗin a aure da suna. Nicolas ya zauna ya bi sawun kuɗin. Ya nuna cewa biki, a ma'anar gudummawar da mace take kai wa ƙawarta ranar sha'ani, wadda ake rama ta da ninki, yana da lissafi da ƙa'ida da hukuncin wanda ya kasa. Haka bukin dubu na sarkin noma, inda mutum yake raba abin da ya tara don ya sami suna. Ya kuma nuna cewa shigowar kuɗin Nasara ba ta kashe waɗannan al'adu ba, ta ƙara masu wuta. Ga mace a ƙauye, biki asusu ne, inshora ce, kuma rajista ce ta sanin wa yake tare da ita.

Muna da ƙorafi guda. Kalmar don ta Faransanci ta haɗiye kalmomi da yawa da Bahaushe yake rarrabewa: kyauta, biki, gudummawa, sadaka, gaisuwa, tukuici, toshi. Nicolas ya san bambancinsu, ya kuma bayyana shi, amma taken littafin da tsarinsa suna jan mai karatu zuwa muhawarar da Marcel Mauss ya buɗe a Faransa, fiye da zuwa tsarin da harshen ya riga ya yi. In an mayar da littafin Hausa, wannan sashe zai fi asalinsa haske.

2.3. Emmanuel Grégoire, a cikin Les Alhazai de Maradi, ya bar kalmar Hausa a take, kuma ya yi daidai, domin commerçant ba ta ɗauke da hajji da masallaci da zauren da ake cin abinci. Littafin ya bi tashin manyan ƴan kasuwar Maraɗi tun zamanin da suke sayen gyaɗa wa kamfanonin Turawa, zuwa kafa SONARA a 1962, zuwa yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, da farin da ya karya noman gyaɗa a farkon shekarun 1970, har suka koma ga fiton kaya irin su yadi da taba zuwa Najeriya. Zuciyar littafin ita ce arzikin mutane: alhaji yana auna ƙarfinsa da yawan barorin da suke tafiya da dukiyarsa bisa amana, daga wannan gefen iyaka zuwa wancan, ba tare da takarda ba. Dangantakar ubangida da bara ita ce bankinsa da kotunsa.

Ɗan Madawa zai gane wannan tsari nan take a cinikin albasar kwarin Tarka da ta Galmi, wadda ake lodi zuwa biranen bakin teku. Abin da za a tuna kawai shi ne littafin ya tsaya a tsakiyar shekarun 1980. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 da duk abin da ya biyo baya suna wajensa.

3. Aiki: bawa, buzu, ɗan cin rani

3.1. Littafi na biyar shi ne ya fi kusa da gida, shi ne kuma ya fi zafi. Benedetta Rossi ta buga From Slavery to Aid a Kambirij a 2015. Ma'anar taken, daga bauta zuwa taimako. Ya ɗauki shekaru ɗari biyu, 1800 zuwa 2000, kuma cibiyarsa ƙasar Keita ce. Tambayarsa guda: a ƙasar duwatsu da ƙarancin ruwa, inda gona ba ta ba da ribar da za a biya lada mai kyau, ta yaya masu iko suke sa mutane aiki?

Amsarta tana tafiya zamani zamani. A ƙarni na 19 manyan Abzinawa ba su damu da mallakar fili ba kamar yadda suka damu da mallakar hanya: mai iko shi ne mai raƙumi, wanda yake zuwa inda ya so, ya hana wani motsi. Ta ƙirƙiro wa wannan suna daga Girkanci. Mu muna ba da shawarar a ce mulkin hanya. Nasara suka karya Kel Gres a Galma a 1901, suka soke bauta a takarda a 1905, sannan suka kawo nasu aikin dole, wanda bai faɗi ba sai da dokar 1946. Bayan ƴancin kai aka kira mutane aikin gina ƙasa da sunan sa kai. A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO: ramukan tara ruwa a jikin tuddai, jerin duwatsu, madatsai, dashen itatuwa. Ladan ma'aikata abinci ne na hukumar PAM, kuma mafi yawansu mata ne, domin maza sun tafi nema.

Marubuciyar ba ta ce taimako bauta ne ba, kuma ba ta musa cewa an farfaɗo da filaye ba. Abin da ta nuna shi ne sunan aikin yana sauyawa, amma waɗanda suke ɗaukar dutse a ka sau da yawa su ne waɗanda ba su da halin tafiya: mata matalauta, da zuriyar waɗanda aka taɓa mallaka. Haɗarin da muke gani yana ga taken, wanda mai gaggawa zai ɗauka a matsayin hukunci tun bai buɗe littafin ba.

3.2. Kalmomi biyu sun cancanci tsayawa. Ta farko cin rani. Faransancin Nijar yana cewa exode, har ya haifi exodant, kalmar da take ɗauke da hoton gudu da watsewar gari. Cin rani kuwa tafiya ce mai komowa: mutum ya ɗauke bakinsa daga rumbu a watannin da ba a noma, ya komo da damina. David Rain ya ga darajar wannan har ya sa fassararta a taken littafinsa na 1999 a kan Maraɗi, Eaters of the Dry Season. A littafin Rossi ma, ikon tashi a tafi nema shi ne babban abin da ɗan bawa ya samu bayan 1905. Abin da ofis yake kira ciwo, ga mai shi ƴanci ne, ko da yake ƴanci mai tsada.

Ta biyu buzu. A Kano kalmar tana nufin kowane Ba'abzine. A Adar tana iya nuna asalin bauta, daidai da iklan a Tamajak, kuma akwai garuruwan da suka bar Tamajak suka koma Hausa a cikin ƙarnin da ya wuce, suna neman sauke wannan suna. Wato sauya harshe a nan hanya ce ta sauya matsayi, abin da ya kamata masu nazarin zamantakewar harshe a sashenmu su sa wa ido.

4. Matsalar komowa da su Hausa

A lokacin da muke rubuta maganganun da muka ɗauko, wata ɗaliba ƴar yankin ta ajiye alƙalami a wani wuri inda mai magana ya ambaci asalin wani gida. Ta ce: «Malam, wannan ba ni rubuta shi. Jikarsu muna aji ɗaya da ita tun firamare.» Ba mu tilasta ta ba, kuma ta koya mana abin da littattafan ba su faɗa ba. A Ingilishi ko Faransanci kalmar bawa sanyi gare ta, tana zaune cikin laburare a Turai. A Hausa tana da zafi, tana iya ɓata aure, tana iya tayar da rigimar gona. Ba tsohon zance ba ne: sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, ƴar wannan jiha ta Tawa.

Wasu abokan aiki suna ganin saboda haka gara a bar irin wannan ilimi cikin harshen baƙi. Ba mu yarda ba. Yin haka yana nufin kowa ya san tarihin mutanen Adar ban da su. Shawararmu uku ce. Ta ɗaya, a fara da taƙaitattun fassarori, babi babi, ana gwada su da masu karatu na Madawa da Buza da Keita kafin a buga. Ta biyu, a bar kalmomi irin su azna da biki da cin rani yadda masu su suke faɗinsu, a yi masu bayani a wurin, kada daidaitacciyar Hausa ta shafe su. Ta uku, inda magana ta taɓa asalin gida, a bayyana tsarin a ɓoye sunan gida da na ƙauye, kamar yadda masu bincike na kirki suke yi tun da.

5. Kammalawa

Ga ɗalibin da ya tambaya, ga jerin da muke ba da shawara. Ya fara da Hamani don ya riƙe zamunna. Ya bi da Échard don ya ji yadda manomi yake ba da nasa labari. Ya karanta Grégoire kafin Nicolas, domin ya fi sauƙin shiga. Ya ƙare da Rossi, lokacin da ya sami ƙafar tsayawa ya yi gardama da ita. A kowane shafi, in ya ci karo da kalmar Turai a inda ake maganar mutanensa, ya tambayi kansa wace kalma aka faɗa a zaure ranar da aka ɗauki maganar, ya rubuta ta a gefen shafi. Waɗannan rubuce-rubucen gefe su ne farkon ƙamus ɗin tarihi da tattalin arziki da sashenmu yake bukata, kuma muna roƙon duk wanda ya tara su ya kawo mana don fitowa ta gaba.